Yaro a hannun hukuma: abin da doka ta tanada masa

A kowace ranar kasuwa, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Ƙonni zuwa Tawa, ba a rasa jin ihun «ɓarawo!», kuma sau da yawa idan ƙura ta lafa sai a tarar wanda aka riƙe yaro ne da ko gemu bai tsiro masa ba. Wani wayar salula ya zare, wani kaza, wani kuwa faɗa ne ya kaure tsakanin samarin unguwa biyu har aka fasa wa wani kai. In Allah ya sa ya tsira daga hannun jama'a, sai a iza ƙeyarsa zuwa kwamisariya ko wurin jandarmomi. Daga nan ne uwaye da yawa ke ɓata hanya. Wasu kunya ta hana su zuwa, wasu tsoron hukuma, wasu kuma su ce ai ɗan da ya zubar da mutuncin gida ba nasu ba ne, a bar shi ya ɗanɗana kuɗarsa.

Alhali kuwa dokar Jamhuriyar Nijar ta shata wa yaro hanya dabam da ta babba, tun daga sa'ar da aka kama shi har ranar da aka yanke masa hukunci. Yana da alƙalinsa, yana da mai tsaya masa, hukuncinsa ma ba ɗaya ba ne da na wanda ya mallaki hankalinsa. Sai dai dukan wannan gata yana rataye da abu biyu waɗanda ba a hannun alƙali suke ba: shaidar shekarun yaron, da wani babba daga cikin danginsa da zai fito ya ce nawa ne. Yaron da ya rasa su biyun, ko da doka tana bayansa, wuya ce ya ci moriyarta.

Maganar ba ƙarama ba ce ga ƙasa irin tamu. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta ba da mutum miliyan 17 da ɗoriya, kuma kimanin rabinsu ba su cika shekara 15 ba. Watau ke nan babu gari, babu unguwa, babu zuri'ar da za ta ce wannan batu bai shafe ta ba.

Inda aka faro

Shekara guda bayan samun ƴancin kai, ran 15 ga watan Yuli 1961, aka kafa kundin dokokin hukunta laifi na Nijar, sa'an nan ran 14 ga watan Agusta na shekarar aka biyo da kundin da ke tsara yadda ake bin ƙara. Tun a kundin farko aka ware ayoyi uku, ta 45 da ta 46 da ta 47, domin ƙananan yara. Amma shekaru da dama alƙalin da ke yi wa manya shari'a shi ne dai ke yi wa yara, a zaure guda, da tsari kusan guda.

Ran 20 ga watan Nuwamba 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin yara, Nijar kuwa ta shige ta a watan Satumba 1990, cikin ƙasashen farko. A shekarar 1990 ɗin ne kuma shugabannin ƙasashen Afirka suka amince da tasu yarjejeniya a Adis Ababa, wadda ta fara aiki a 1999. Duka biyun sun haɗu a kan cewa duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne, ba a yanke masa hukuncin kisa, ba a haɗa shi da manya a gidan kaso, kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙara da cewa tsare yaro shi ne mataki na ƙarshe, kuma na ɗan lokaci mafi gajarta. Domin cika wannan alkawari ne aka kafa kotunan yara da doka mai lamba 99-11 ta ran 14 ga watan Mayu 1999, wadda daga baya doka mai lamba 2014-72 ta ran 20 ga watan Nuwamba 2014 ta maye gurbinta. Daga nan aka sami alƙalin yara a manyan kotuna, irin su na Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa, Ƙonni, Doso, Difa, Tilaberi, Agadas da Arlit.

13 da 18

Lambobi biyu ya kamata mai karatu ya riƙe. Kundin 1961 ya ce yaron da bai cika shekara 13 ba ba shi da alhakin laifi a gaban shari'a. Wannan ba ya nufin ba a yi ɓarna ba, ko wanda aka cuta ya yi asara ke nan. Abin nufi shi ne ba a yanke wa irin wannan yaro hukuncin ɗauri ko tara. Alƙali zai duba halin da yake ciki ne, ya ɗauki matakin kariya ko na tarbiyya: ya damƙa shi ga uwayensa tare da gargaɗi, ko ga wani amintacce cikin dangi, ko ga wata cibiya mai kula da yara.

Tsakanin shekara 13 da 18 kuwa, kundin ya ɗora wa alƙali tambaya guda mai nauyi: shin yaron ya san abin da yake yi sa'ad da ya aikata? In aka tabbata bai rarrabe ba, sai a sallame shi daga laifin, a ɗauki matakin tarbiyya a kansa. In kuwa ya aikata da saninsa, ana iya hukunta shi, amma da sassauci wanda dokar kanta ta ƙayyade. Inda babba zai fuskanci kisa ko ɗaurin rai da rai, yaro shekara 10 zuwa 30 ne. Inda babba zai sami shekara 10 zuwa 30, yaro daga shekara 2 ne zuwa ƙasa da 10. A matsakaitan laifuffuka da ƙanana, irin su sata ta kullum da duka, rabin hukuncin babba ne ke hawa kansa. Watau laifin da zai kai magidanci gidan kaso shekara 2, ɗan shekara 16 ba zai wuce shekara 1 ba, in ma har alƙali ya ga ɗaurin ne ya dace.

Wasu dattawa sukan yi ƙorafi, su ce yaron da ya isa riƙe garma ya isa amsa laifinsa, wannan kuwa dokar Nasara ce. To amma ko a fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure, alƙalami ba ya hawa kan yaro sai ya balaga, kuma idan alamun balaga ba su bayyana ba, magana mafi shahara a mazhabar ita ce shekara 18. Rarrabe yaro da babba a wurin hukunci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ta ɗaya gefen kuma, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai sa ido kan haƙƙin yara ya shawarci ƙasashe a 2019 da su ɗaga iyakar farko zuwa shekara 14 aƙalla, yana mai kafa hujja da abin da likitoci suka gano game da girman ƙwaƙwalwa.

Abin lura guda: shekarun da ake dubawa su ne na ranar da aka aikata laifin. Saurayin da ya yi sata yana da shekara 17 da wata 11, aka gurfanar da shi bayan ya cika 19, yaro ne a idon shari'a game da wannan laifin.

Takardar da ba a nema sai ranar wuya

Ga inda gizo ke saƙa. Ta yaya ɗan sanda ko alƙali zai san shekarun wanda ke tsaye gabansa? Da takardar haifuwa. Amma a karkara yara da yawa a gida aka haife su, aka yanka ragon suna, aka ci aka sha, ba wanda ya tuna da zuwa wurin rubuta haifuwa. Yaron da ya shiga lakwal, wataƙila malamai sun matsa an yi masa takarda gabanin jarrabawa. Wanda aka kai karatun allo wani gari, ko ya fita ci-rani, ko yake dako a tasha, ko yake bin dabbobi, sau da yawa bai taɓa riƙe wata takarda mai sunansa ba. Su ne kuwa suka fi faɗawa hannun hukuma, domin su ke kwana a titi.

A ɗauki misali da yaro ɗan shekara 16 mai girman jiki, wanda noma da dako suka buɗa wa ƙirji. An kama shi a tashar mota, an tambaye shi shekarunsa. Shi kansa bai sani ba. Wani ma don jin kai sai ya ƙara wa kansa, ya ce 20, don kada a raina shi. Mai rubuta bayani ya dube shi sama da ƙasa, ya rubuta «an haife shi wajen shekara kaza», irin rubutun nan da kowa ya sani a takardun uwayenmu da kakanninmu. Idan lissafin ya ba da 18 ko fiye, daga wannan layi guda hanyarsa ta sauya: ba za a kai shi gaban alƙalin yara ba, za a yi masa shari'a a bainar jama'a, sassaucin rabin hukunci ya wuce shi, kuma ɗakin manya zai kwana. Ba mugunta aka yi masa ba. Rashin shaida ne ya jawo.

Ana iya neman likita ya kimanta shekaru, amma kowane likita ya san kimantawa ce kawai, tana iya kaucewa da shekara ɗaya ko biyu, kuma a nan shekara guda ita ce komi. Shawarar kwamitin nan na 2019 ita ce idan an rasa tabbas, a rinjayar da shakka wajen yaron, a ɗauke shi a matsayin yaro. Hakan shi ne daidai, domin kuskuren sassauta wa ɗan shekara 18 bai kai na jefa ɗan shekara 15 cikin manyan ɓarayi ba. Amma kafin a rinjayar da shakka sai an sami wanda ya tayar da ita. Uba ko uwa ko kawu da ya zo ya ce an haifi yaron nan shekarar da aka gina rijiyar gari, ko damina guda da ɗan maƙwabci wanda ke da takarda, ya ba alƙali abin kamawa. Katin awon ciki, katin rigakafi, littafin ungozoma ko rajistar makaranta, duk suna iya taimakawa.

Maganin abin tun daga tushe ba shi da tsada. Dokar rajistar jama'a mai lamba 2019-29 ta ran 1 ga watan Yuli 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haifuwa, kuma bayyanawar cikin wa'adi kyauta ce. Ana yin ta a asibiti ko ɗakin haifuwa, ko wurin da aka keɓe a ƙauye, takardar kuma ta fito daga ma'aikatar magajin gari. Wanda wa'adi ya wuce shi, sai ya bi ta kotu da shaidu a yi masa hukuncin da ke tsaya wa takardar haifuwa. Lokaci lokaci alƙalai kan fita rangadi ƙauyuka domin wannan aiki, a yi wa ɗaruruwan yara a zama guda. Mai garin da ya ji labarin irin wannan rangadi ya kasa yin shela, ya tauye yaran garinsa ba tare da ya sani ba.

Awa 48 na farko

Wanda aka kama bisa zargin laifi, ƴan sanda ko jandarmomi na iya tsare shi domin bincike har awa 48, kuma ba a ƙara wa'adin sai da izinin alƙali mai shigar da ƙara. Laifuffuka na musamman, irin su ta'addanci, suna da nasu wa'adi mafi tsawo. A cikin waɗannan awoyi ne ake rubuta bayanin farko, wanda zai bi yaron har gaban kotu. Yaron da ke cikin firgita, bai ci ba, bai yi barci ba, yana iya amsa abin da bai yi ba don a ƙyale shi. Bayanin kuwa da Faransanci ake rubuta shi, harshen da akasarin waɗannan yara ba su ji. Haƙƙinsa ne a fassara masa abin da aka rubuta kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Wajibi ne a nemi uwayen yaro ko mai riƙonsa a sanar da su. Duka da azabtarwa don a tatsi magana haramun ne ga kowa, balle ga yaro, kuma gyaran da aka yi wa dokar bin ƙara a 2003 ya tanadi cewa wanda za a miƙa wa mai shigar da ƙara ya zo da takardar likita mai shaida ba a taɓa lafiyarsa ba. Gyaran nan ne kuma ya buɗa wa lauya ƙofar wurin tsarewa, daga baya ƙa'idar ƙungiyar UEMOA ta 2014 ta ce lauya na da ikon tsaya wa mutum tun daga sa'ar da aka kama shi. Hukumar ƴan sanda ta ware sashe mai kula da lamuran yara da mata, ko da yake ba kowane gari ne ke da shi ba.

Uban da ya iso a wannan lokaci, ba cin hanci zai kawo ba, ba kuma faɗa da ma'aikata ba. Zai kawo takardar haifuwa in akwai, ya faɗi inda yake zaune, ya ce ya ɗauki nauyin kawo yaron duk ranar da aka neme shi. Wannan kaɗai kan bambanta yaron da zai koma gida ya jira shari'a da wanda za a tura gidan kaso. Alƙali ba zai saki yaro ya koma titi ba, inda ba za a sake ganinsa ba. Mai shigar da ƙara kuma yana da ikon ajiye ƙarar ƙaramin laifi idan ya ga an mayar da kaya, wanda aka cuta ya haƙura, kuma akwai mai tsawata wa yaron a gida. Hausawa suka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yas, amma a ƙofar kwamisariya ana ganin masu yankewa.

Almajiri da ɗan ci-rani su ne abin tausayi a nan. Uwayensu na can nesa, wataƙila ma a ƙetaren iyaka. Malamin da aka damƙa wa amanar yaro, ko maigidan da yake yi wa aiki, shi ne ya kamata ya tsaya a madadin uba, ya kuma aika gida da labari.

Gaban alƙalin yara

Idan mai shigar da ƙara ya ga akwai abin tuhuma, sai ya miƙa takardun ga alƙalin yara. Aikin wannan alƙali ya bambanta da na sauran. Ba abin da aka aikata kaɗai yake bincike ba, har da wanda ya aikata: wane gida ya fito, uwayensa na tare ko sun rabu, yana karatu ko yana koyon sana'a, wa yake bi, yana shan wani abu, wannan ne karo na farko? Ma'aikatan jin daɗin jama'a su ke zuwa unguwa su tambayo, su rubuto masa rahoto. Maƙwabcin da irin wannan ma'aikaci ya yi wa sallama, kada ya ɗauka tona asiri aka zo yi. Gaskiyar da zai faɗa tana iya zama dalilin da za a mayar da yaro makaranta maimakon kaso.

Idan yaro ya yi laifi tare da manya, ana raba takardunsa da nasu, kowa ya bi hanyarsa. Wannan na da muhimmanci, domin sanannen abu ne manyan ɓarayi da dillalan ƙwaya suna sa yara gaba, su su laɓe a baya.

Alƙalin yara ba na masu laifi kaɗai ba ne. Yaron da ke cikin haɗari, wanda aka yasar, ko ake gallaza masa, ko ake sa shi aikin da ya fi ƙarfinsa, shi ma ana iya kai maganarsa gaban wannan alƙali ya ɗauki matakin kare shi, ko da bai taɓa kayan kowa ba. Jama'a ba su faye sanin wannan ɓangare ba.

Ba a yi wa yaro shari'a ba tare da mai kare shi ba. Talakan da ya ji an ce lauya sai gabansa ya faɗi, ya fara lissafin buhunan hatsin da zai sayar. Amma doka mai lamba 2011-42 ta ran 14 ga watan Disamba 2011 ta kafa hukumar ba da agajin shari'a, wadda aka fi sani da ANAJJ, kuma ta sa yaran da ake tuhuma cikin waɗanda ake ba mai kariya kai tsaye, ba tare da an tambayi ƙarfin aljihun uwayensu ba. Matsalar ita ce akasarin lauyoyin ƙasar a Yamai suke zaune. Don haka a cikin jihohi akan naɗa wasu mutane masu ilimi da mutunci, waɗanda ba lauyoyi ba ne, su tsaya wa wanda ake tuhuma. Ya fi babu nesa ba kusa ba, amma mai kariyar da ya ga yaro karo na farko da safiyar ranar shari'a, abin da zai iya yi kaɗan ne. Uwaye su nemi sanin wanda aka naɗa, su same shi tun da wuri, su ba shi labarin ɗansu.

Ranar zama, ba a buɗa ƙofa ga ƴan kallo. Yaron, da uwayensa, da mai kare shi, da wanda aka cuta, da shaidu, da ma'aikatan da ke bin lamarin, su ke shiga. Ba a yarda a watsa sunansa ko hotonsa ba. Dalili kuwa a fili yake: a garuruwanmu sunan ɓarawo in ya manne wa mutum yana ɗan shekara 15, da shi zai nemi aure, da shi zai nemi aiki. A yau da kowa ke riƙe da waya, wanda ya ɗauki hoton yaron da aka kama ya watsa a WhatsApp ko Facebook ya yi masa hukuncin da ya fi na kotu daɗewa, kuma tun kafin a tabbatar da laifinsa.

Wanda bai gamsu da hukunci ba yana da ikon ɗaukaka ƙara, amma wa'adin gajere ne, kwana 10 a matsakaitan laifuffuka. Uwaye da yawa sai sun koma ƙauye sun yi shawara da dangi, kafin su dawo ƙofa ta rufe.

Kaso, da abin da ya fi kaso

Alƙalin yara na da zaɓi da dama kafin ya kai ga ɗauri. Yana iya yin gargaɗi ya mayar da yaro gida, yana iya sa shi ƙarƙashin sa idon ma'aikaci, yana iya ajiye shi a cibiya ko wurin mai sana'a ya koyi ɗinki, kafinta, walda ko gyaran babur. Akwai ɗaurin talala, wanda ba a zartarwa sai in ya sake. Akwai kuma aikin amfanin jama'a, wanda wata doka ta ran 31 ga watan Maris 2017 ta tsara: mai laifi ya yi wasu awoyi yana aiki kyauta a asibiti, ko makaranta, ko ma'aikatar magajin gari, ya kwana gidansu. Sai dai alƙali ba ya iya tura yaro wurin da babu. Idan ba a sami mai gareji ko tela da zai karɓe shi ba, idan magajin gari bai tanadi aikin da za a ba shi ba, zaɓin da ke rubuce a takarda sai ya koma guda ɗaya. Cibiyar gyaran tarbiyya ta Dakwaro, a jihar Maraɗi, wadda aka kafa tun kafin samun ƴancin kai, ta daɗe tana zama misalin da ake bayarwa, amma cibiya guda ba ta ɗaukar yaran ƙasa mai faɗin Nijar.

A gidajen kaso, ƙa'ida ita ce a ware yara daga manya. An gina sashen yara a wasu gidajen, a wasu kuma ɗaki ne kawai aka keɓe, da rana kowa ya haɗu a fili guda. Ƴan mata sun fi shiga matsala, domin da yake ba su da yawa, galibi tare da manyan mata ake ajiye su. Cikinsu akwai waɗanda cikin da ba na aure ba da tsoron abin kunya suka kai su ga babban laifi, su kuwa su ne dangi suka fi guje wa. Cunkoso a gidajen kaso ba ɓoyayyen abu ba ne, hukumomin shari'a da kansu sun sha faɗa, haka ma yawan waɗanda ke jiran shari'a. Doka ta sa wa tsare yaro gabanin shari'a iyaka mafi gajarta bisa ga ta babba, amma takardun yaron da ba wanda ke zuwa tambayar labarinsa su ne ke kwana ƙarƙashin tuli. Wata shida a wurin magidanci wata shida ne. A wurin ɗan shekara 14 shekarar karatu ce ta tafi, ga kuma sababbin malamai da ya samu a ciki.

Wanda aka cuta fa?

Mai kantin da aka fasa, ko makiyayin da aka kore wa akuya, yana da gaskiya in ya tambaya ina nasa haƙƙin. Sassaucin da ake yi wa yaro a kan hukunci ne, bai shafe diyya ba. Wanda aka cuta na iya shiga ƙarar ya nemi a biya shi, kuma dokar zaman jama'a ta ɗora wa uwaye alhakin ɓarnar ƴaƴansu ƙanana da ke zaune tare da su, kamar yadda ta ɗora wa mai sana'a alhakin ɓarnar yaron da ke koyo a hannunsa a lokacin da yake ƙarƙashin kulawarsa. Uban da ya ƙi zuwa kotu don kada a ce ya biya, bai tsira ba, ana iya yanke diyyar a bayan idonsa.

Da yawa daga cikin irin waɗannan rigingimu ba su ma isa kwamisariya. A zauren mai unguwa ko fadar sarki ake kashe su, a mayar da kaya, a ja wa yaro kunne, a sha ruwa a watse. Doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane a lamuran al'ada, da na zaman jama'a, da na gonaki, kuma ba ƙaramin nauyi suke sauke wa kotuna ba. Amma ikonsu na sulhu ne. Ba su da ikon ɗaure yaro a turu ko sa a yi masa bulala, kuma manyan laifuffuka, irin su kisa, fyaɗe da mummunan rauni, ba a rufe su a zaure ko da ɓangarorin biyu sun yarda. Irin waɗannan sai an kai su gaban mai shigar da ƙara, musamman idan wanda aka cuta shi ma yaro ne, domin dokar 2011 ɗin nan ta ba shi mai tsaya masa kyauta, daidai da wanda ake tuhuma.